Aljani Mai Hutun Damina

A duk ƙasar Gaya ban taɓa jin labarin aljani mai sanin ya kamata irin wanda aka ce ya shafi Da'u na gidan Alhaji Maiwada a Toranke ba. Aljani ne da ya san lokacin shuka, ya san noman farko, ya san maimai. Da zarar hadari ya haɗu a gabas sai ya tattara nasa ya nasa ya tafi hutu, ba a sake jin ɗuriyarsa sai an cire gyaɗa an kai hatsi rumbu. Haka mutanen gidan suke faɗa, haka kuma gari ya karɓa, don Alhaji ba mutumin da ake yi wa musu ba ne. Ni dai abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa zan faɗe shi yadda ya faru.

Gidan gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Tun da mahaifinsu ya rasu, Alhaji Maiwada, babban wa, shi ke riƙe da gona da rumbu da bakin magana. Da'u, mai bi masa, shi ke riƙe da garma. Autansu Hadi yana kiwon shanun gidan. Shi Alhaji yana da ciwon baya, wani irin ciwo da ba ya hana shi taka keke har kasuwar Ajingi awon gyaɗa, sai dai ya hana shi sunkuyawa. Shekarun nan ne na bayan yaƙin basasa, gyaɗa tana da daraja, kowa burinsa ya ga buhunansa sun hau mota sun nufi Kano.

A wannan kasuwa Alhaji ya samo wani gwangwani. Ƙwayoyi ne ƙanana a ciki, irin waɗanda direbobin manyan motoci ke haɗiya don kada barci ya sace su a hanya. Ya zo gida ya sa aka kira masa Zuliha, matar Da'u, wadda ita ke dama kunun da ake kaiwa gona.

"Ki riƙa murje ɗaya a ƙwaryar mijinki," in ji shi. "Maganin gajiya ne, na Turawa."

Zuliha ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, har da godiya.

Daminar nan Da'u ya zama abin kallo. Kafin wani ya kai kunya ɗaya ƙarshe, shi ya juyo da tasa ya shiga wata. A wurin gayya makaɗa suka bar kowa suka koma bin bayansa. Alhaji ya sallami 'yan ƙwadago, ya ce Allah ya hutar da shi. Da la'asar sauran ƙannen gidaje kan bar gandu su tafi 'yar gayaunarsu, wadda ita kaɗai ce tasu ta kansu, amma Da'u ba ya jin an tashi, yana nan a gonar gandu sai duhu ya raba shi da ita. Gayaunarsa ciyawa ta cinye. Tuwo ya daina shiga, barci ya ƙaurace masa, in yana zaune sai ka ji haƙoransa suna ƙara. Ƙwaya ɗaya ta daina kama shi, Alhaji ya ce a ƙara. Inna Hanne, uwarsu, kullum tana sa wa Alhaji albarka, tana cewa ya fi uba kula da ƙaninsa.

Da aka gama cirar gyaɗa aka ɗaure dawa, Alhaji ya karɓi gwangwaninsa ya kulle a adaka.

"Magani ai ba abinci ba ne," in ji shi. "Ba a sha sai da dalili."

A nan aljanin ya dawo daga hutu. Da'u ya kwanta kamar an zare masa laka, in ya tashi kuma ya tashi da faɗa. Yana susa har ya yi wa kansa jini, yana cewa tururuwa na tafiya ƙarƙashin fatarsa. Ya ɗauki garmarsa ya kai kasuwa ya yi musayarta da ƙwaya. Da ƙwayar ta hana shi barci, wani ya nuna masa wani gida a bayan tashar Gaya inda ake sayar da burukutu, ya ce burukutu ke kwantar da ƙwayar. Mutumin da ko taba bai taɓa sha ba, sai ga shi an tsinto shi a kwalbati an ɗoro shi a jaki.

Aka yi taron dangi a zaure. Wani kawunsu ya gyara murya ya ce shi dai yana jin kamar ƙwayar nan ce. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Kawu, a gidan nan ba mu gaji shaye-shaye ba. Iska ce. Tsamiyar nan ta gefen gona, sau nawa ina hana shi hutawa a gindinta da tsakar rana?"

Kowa ya gyaɗa kai, har da kawun. Gaskiya kuma aljani ya fi ƙwaya daraja nesa ba kusa ba. Aljani ba ya ɓata sunan gida, ba ya hana a nemi auren 'ya'yan gida, tausayi ma yake jawowa. Babban abin da ya fi, ba wanda zai tambayi wa ya sayo shi a kasuwa.

Aka kai Da'u wani ƙauye gabas da Gafasa, wurin wani Malam Kabo da ya yi suna wajen mashaya da masu taɓin hankali. Maganinsa uku ne: mari a ƙafa, rubutu da safe, bulala duk lokacin da aljani ya yi gardama. Zuliha ta je dubiya da fura a ƙwarya. Ta tarar da shi a zaune a rana, ƙarfen ya ci idon sawunsa, ƙudaje sun yanyame wurin. Ta juya baya ta yi kukanta ta share, don almajiran malam sun gargaɗe ta cewa hawaye na ƙara wa iska ƙarfi.

Malam Kabo mutum ne mai sauƙin kai, aljanunsa suna fita ranar da dangin mara lafiya suka ga ya dace su fita. Da bazara ta yi nisa, iska ta fara ƙanshin ruwa, Alhaji ya hau keke ya je gaishe shi. Washegari aka kwance mari, aka ce Da'u ya warke sarai. Aka saya masa sabuwar garma, aka buɗe adaka.

Wannan karon Zuliha ba ta miƙa hannu ba. Tana durƙushe, kanta a ƙasa, ta ce:

"Yaya, a yi mini afuwa. Abin nan shi ke ɓata shi."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni ke kwana ɗaki ɗaya da shi."

"To malamai sun duba sun ce iska ce, ke kuma kin duba kin ga ƙwaya. Madalla. Tashi ki je."

Ba a yi faɗa ba. An dai karɓe damun kunu daga hannunta an mayar wa matar Alhaji, magana ta ƙare. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne mijin nata da kansa yake tsayuwa bakin madafa yana jiran ƙwaryar. Haka aka yi ta juyawa: da damina jarumi, ana yi masa kiɗa, da rani mahaukaci, ana yi masa bulala. Duk shekara kuwa tsamiya na shan hayaƙin turare.

Wani rani, kafin a shirya tafiya wurin Malam Kabo, ɗan Zuliha ya kamu da ciwon ido, aka bar ta ta kai shi asibitin Gaya. Tun da damina ta tsinci ƙwaya ɗaya da ta faɗi a madafa, ta ƙulle ta a gefen zane. Bayan malamin asibiti, wani dattijo Malam Abdulsalam, ya ɗiga wa yaron magani, ta kwance ƙullin ta ajiye a kan tebur, ta ba shi labari tiryan-tiryan.

Malam Abdulsalam bai yi mamaki ba. Ya ce manoma da yawa suna zuwa masa da irin wannan, kuma shi nan ba shi da wurin kwantar da su. Amma akwai asibiti a birni da ke karɓar irinsu, likitan yakan leƙo Gaya, zai haɗa su.

"Sai dai ki sani," in ji shi, "ba aikin kwana biyu ba ne. Kuma in aka fara, bana ba shi ba gona. A ba shi daminar nan guda ya huta, jikinsa ya manta da abin. In aka mayar da shi kan garma, an mayar da shi kan ƙwaya."

Ta sami mijin da hantsi a bayan ɗaki, lokacin da hankalinsa ke ɗan dawowa. Yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ta gaya masa komai, tana jiran ya hau ta da faɗa. Sai ya ɗago kai.

"Babu mari a can?" ya tambaya.

"An ce babu, Malam."

"Zuliha, ni na san ba aljani ba ne. Tun daminar farko na sani." Ya share fuska da tafin hannu. "Ina so in yi barci irin na mutane. Ina so in ci tuwo in ji daɗinsa. Ki kai ni."

Da maganar ta je kunnen Alhaji, ya yi ta faɗa, wai za a kai ɗan gidan mutunci cikin mahaukatan birni. Amma da ya kwana ya tashi sai ya sauko. Rani ne, babu aikin da Da'u zai yi, kuma an ce a can gwamnati ke ciyarwa, rumbu zai huta. Shi da kansa ya raka su har birni, sanye da babbar riga. Likita ya kalle shi ido cikin ido ya maimaita maganar damina.

"Haba likita," in ji Alhaji, ya dafe ƙirji. "Ko damina goma ce. Ciki ɗaya muka fito fa."

Watannin farko Da'u ya sha wuya, amma ya daure. Da Zuliha ta samu ta je dubiya wajen ƙarshen rani, da ƙyar ta gane shi. Kumatu sun ciko, ido ya daina zare-zare. Ya cinye dambun da ta kawo tas, ya lashe hannu, ya tambayi yaro, ya tambayi akuyarta ko ta haihu. Har tsokanarta ya yi, ya ce ta rage gishiri don ba ya nan. A motar komawa ta yi ta murmushi ita kaɗai, mutane na kallonta. Tun ranar da ta karɓi gwangwanin nan da hannu biyu ba ta ji sanyi a ranta irin na wannan rana ba.

Sai ruwan farko ya sauka a Toranke, mai yawa, irin wanda ake kwana ana shirin shuka.

Da safe Alhaji ya tsaya bakin gonar gandu ya dube ta daga wannan gefe zuwa wancan, ya tuna kuɗin 'yan ƙwadago, ciwon bayansa ya motsa. Kafin azahar ƙaunar ɗan'uwa ta taso masa. Ya je birni ya gaya wa Da'u cewa Inna ba lafiya, ba ta da magana sai sunansa. Likita ya hana, ya yi bayani, ya roƙa. Alhaji ya ce ai ba a shiga tsakanin ɗa da uwa, kuma da zarar ya gan ta zai dawo da shi da kansa. Da suka iso gida suka tarar da Inna Hanne a tsakar gida tana surfe, taɓarya na tashi sama.

"Ganinka ne ya warkar da ita," in ji Alhaji. "Tun da ka zo, ka tsaya a yi shuka."

Aka yi shuka. Zuliha ta aika a tuna wa Alhaji alkawari, ya ce a bari a gama noman farko. Da'u ya shiga gona da ƙarfin tuwo kaɗai, yana noma irin na kowa, in ya gaji ya zauna. Ya ƙi kunun gidan, Zuliha ke dama masa nasa a ɓoye. Mutane suka fara magana. Wasu suka ce asibiti ya zuƙe masa jini, wasu suka ce da ma ƙarfin aljanin ne, Turawa sun kore shi sun bar fanko. Ciyawa kuwa ba ta jira kowa ba.

Wata yamma Alhaji ya kira shi dakalin ƙofar gida, a gaban maƙwabta. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya.

"Da'u, ni ban ce ka yi abin da ba za ka iya ba. Amma ka ga gonar nan. In ta lalace, ban san da me zan ciyar da Inna ba, balle matarka da ɗanka. Wanda bai noma gandu ba kuma, ban san da wane ido zai dubi rumbun gandu ba. Ka dai yi tunani."

Ya tashi ya shiga masallaci. A inda ya tashi, a kan tabarma, ga gwangwani nan a ajiye. Har gobe Alhaji yana rantsuwa cewa shi bai ba shi ba, mantawa ya yi da shi a wurin. Rantsuwarsa kuma ba ta kama shi, don bai sa masa a baki ba.

Da'u ya daɗe yana kallon gwangwanin. Maƙwabta duk suka mai da ido wani wajen. Ya ɗauka ya sa a aljihu.

Washegari makaɗa suka sami abin yi. Zuliha ta bi Alhaji har turakarsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zube a bakin ƙofa.

"Yaya, don girman Allah. Likita ya ce damina ɗaya kawai."

"Likitan yana da gona?"

"Zai kashe kansa."

"Rai na hannun Allah, Zuliha, kada ki yi saɓo. Bayan maimai ni da kaina zan mayar da shi."

Ta je wa Inna Hanne. Inna ta ce ita ba ta shiga maganar maza, kuma mace mai yawan kai ƙarar gidan mijinta asibiti ba ta cika daɗewa a gidan ba.

Jikin da ya huta ya manta da abin, shi kuwa Da'u bai manta adadin da ya saba sha ba, daga inda ya tsaya ya ɗora. Ana tsakiyar maimai, rana tsaka, yana gaba ya bar kowa, sai aka ga ya tsaya cak. Garma ta suɓuce. Ya faɗi a kan kunyar da ya tayar, fuskarsa cikin ƙasa. Da aka ɗauko shi gida bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, magana ba ta fita sai gurnani.

Aka kwantar da shi a zaure, aka cika ana salati. Wasu har sun fara zagin tsamiya. Alhaji ya tsuguna, ciwon bayan ya ɗaga masa ƙafa a ranar. Ya kama hannun daman ƙaninsa ya ɗaga ya saki, ya faɗi yaraf. Ya sake ɗagawa, ya buɗe yatsun ya sa nasa a ciki ya ce, "Matsa." Yatsun ba su motsa ba. Ya juya wajen wani tsohon wanzami da ke wurin, ya yi ƙasa da murya.

"Irin wannan, hannun yakan dawo?"

Wanzami ya girgiza kai. "Na ga masu tashi su yi tafiya da sanda. Amma riƙon garma, sai dai wani ikon Allah."

Alhaji ya miƙe ya karkaɗe riga. Ya dubi jama'a, idonsa har da ƙwalla.

"Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Wannan ba aikin iska ba ne, aikin asibiti ne. Zamani ya canza. Gobe a mayar da shi birni, ya zauna duk tsawon lokacin da likita yake so. Ba zan bari gona ta hana ɗan'uwana neman lafiya ba."

Zaure ya ɗauki sa albarka. Liman ya ce da kowane gida yana da wa irin Alhaji, da zumunci bai lalace ba. Inna Hanne ta yi kuka ta ce ita da ma ta sani. Zuliha tana bayan ƙyaure tana ji, ba ta yi kuka ba, hawayen sun ƙi zuwa. Daminar da likita ya roƙa, wadda ita ta durƙusa ta roƙa, ga ta an bayar, har da ƙarin duk daminun da suka rage masa a duniya.

Alhaji ya yi shatar a-kori-kura daga Ajingi, kowa ya gani. Aka shimfiɗa tabarma a baya, aka kwantar da Da'u, Zuliha ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Alhaji bai samu zuwa ba, aiki ya yi yawa a gona.

Hanyar fita gari ta gefen gonar gandu ta bi. Tun daga nesa suka jiyo kiɗa. Dawa ta yi kore shar, manoma sun jeru, can gaba kuma akwai mutum ɗaya da ya bar kowa, yana sara yana juyawa ko numfashi ba ya tsayawa yi. Hadi ne. Tun jiya aka karɓe shanu daga hannunsa aka ba shi garmar wansa. A gindin tsamiya matar Alhaji na zaune da ƙoren kunu, ɗaya an ware ta gefe an rufe da faifai.

Da'u ya gani. Ya yunƙura da ɓarin da ke motsi, ya kama ƙarfen motar da hannun hagu, ya buɗe karkataccen bakinsa yana ƙoƙarin kiran sunan ƙaninsa. Gurnani kawai ke fita, yana yi yana ƙarawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, hawaye na bin gefen fuskarsa.

Direba ya rage gudu ya leƙo ta taga yana dariya.

"Allah sarki, jini ba wasa ba. Kin ga, yana kwance ma kirari yake yi wa ƙaninsa."

Zuliha ta ɗaga murya ta kira, "Hadi!" Ba ta taɓa ɗaga murya haka a waje ba. Kiɗa ya danne ta. Alhaji ne kaɗai ya waiwayo daga inuwar da yake tsaye, ya ɗaga musu hannu yana yi musu fatan sauka lafiya. Direba ya taka mota.

Da kaka ta wuce aka kai hatsi rumbu, na ji an sake sayen turare a gidan. Wai aljanin tsamiya ya koma kan auta.